Sallama ta Cikin Bututu

Ina cikin takaba aka shafa jan fenti a katangar gidanmu. Ban gani da idona ba, tunda a lokacin ko ƙofar gida ba na leƙawa. Maƙwabciyata ce ta shigo da hantsi, wata malamar firamare ’yar kudancin jiharmu da muka daɗe tare a unguwar Shagari Low Cost da ke Yola. Ta ajiye mini kwanon kunun gyaɗa, ta zauna a bakin tabarma tana ta maganar zafi. Na lura ba zafin ne ya kawo ta ba.

“Madam, faɗi abin da ke bakinki,” na ce mata.

“Adda,” ta ce, wato yaya, haka take kirana, “duba-gari sun bi layinmu jiya. Sun sa jan alama a wasu gidaje. Har da naki.”

“Me muka yi?”

“Wannan fayif na gindin darbejiya. Wai salga kuka haƙa kusa da rijiyar mutane. Sun ce a tone a cike ramin, in ba haka ba su dawo da ma’aikatansu.”

Na juya na kalli bangon ɗakin, can ƙasa kusa da daɓe, inda ɗaya bakin bututun yake. Iska tana fitowa a hankali tana motsa gefen zanena.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane abin da ake so a tone.

A shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka gudo Yola saboda hare-haren ’yan bindiga, gidanmu ya cika. Ƙanwata ta iso da ’ya’yanta a ƙafa da mota, da jariri a bayanta, da wasu matan garinsu da ba mu taɓa gani ba. Ba a tambayar mutum daga ina yake a irin wannan rana, tabarma ake shimfiɗa masa. Da sanyi ya wuce bazara ta shigo, sai muka gane ɗakunanmu ba su isa ba. A da, in zafi ya yi, tsakar gida kowa ke kwana. Amma a wannan shekara matan nan ba sa yarda su kwana inda babu ƙofa. Ko tayar mota ta fashe a titi sai ka ga sun tattara yara. Haka muka riƙa cusa kanmu a ɗakin ƙurya, taga a rufe, ba wuta. Jaririn ƙanwata ya yi ƙuraje har cikin wuya, kukansa ya koma kamar na mage. Kowa yana tsoron cutar sanƙarau, ba mai furta sunanta.

Maigidana yana koyar da aikin famfo a makarantar koyon sana’a. Mutum ne mai shiru, amma in abu ya shiga kansa ba ya barci da shi. Wata Asabar ya je gonarmu a Damare, ya sauka rijiya don yasa, ya dawo da laka har gwiwa yana cewa, “Kin san can ƙasa ba bazara?” Ya ce wani abokin aikinsa da ya taɓa zuwa kwas ya ba shi labarin ƙasashen da ake binne bututu a ƙasa, iska ta bi ta ciki ta huce kafin ta shiga ɗaki. Na ce masa mu randa muka sani. Ya ce ai randar ce, doguwa ce kawai.

Ya haƙa rami mai zurfi, ya fi tsayin mutum, tun daga gindin darbejiyar da ke ƙarshen gida, ya karkata ya zagayo har bangon ɗakin ƙurya. Matan da ke gidan suna kwashe ƙasa da kwanuka. A irin wannan lokaci kuwa, mutum ya haƙa rami a gidansa ya jera dogayen bututu a gefe, ba ƙaramin abu ba ne. Wani ya kai magana wai makamai zai binne. Mai unguwa ya zo da ’yan banga, fuska a ɗaure. Maigidana bai yi gardama ba. Ya riƙa ɗaga bututun ɗaya bayan ɗaya yana ba su su leƙa, kowa ya hango sama ta ɗaya bakin. Babban cikinsu ya sauke na ƙarshe ya ce, “Malam, mutane na binne hatsi, kai iska za ka binne? To binne abarka.” Suka tafi suna dariya. Tun daga ranar ba wanda ya sake tambaya.

Ya bar bakin bututun guda a tsaye a inuwar darbejiya, ya rufe shi da raga saboda sauro da ƙadangare. Ɗaya bakin ya shigo da shi ɗaki, ya ɗaura masa ’yar ƙaramar fanka mai aiki da batir. Ba zan ce sanyin na’ura ba ne. Iska ce irin wadda mutum ke ji in ya sunkuya a bakin rijiya. Amma jaririn ya yi barci, ƙurajen suka bushe, yara suka koma faɗa a kan wanda zai kwanta kusa da bango.

Da ƙura ta lafa baƙinmu suka koma gida, bututun ya zauna. A nan maigidana ya tsiro da wata ɗabi’a. In ya dawo aiki da la’asar, gindin darbejiyar yake jingine babur. Kafin ya zagayo, sai ya sunkuya ya sa baki a ragar ya yi sallama. Muryar takan fito ta bangon ɗaki, a dusashe kaɗan, kamar daga cikin tulu. Nakan ce, “Malam, ka girma fa, furfura gare ka.” Amma ban taɓa ƙin amsawa ba. Shekaru muka yi a haka.

Ya rasu a ƙarshen sanyi, bayan ’yar gajeriyar jinya. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Dada, ta taso daga Wuro Hausa ta zo ta zauna da ni. Tsohuwa ce da ta riƙe takaba yadda ta gada, Hausarta kuma irin ta tsofaffin Yola, takan sa “ya” a wurin “ta”. Ba fita, ba leƙe, ba ɗaga murya, kuma ba namijin da zai taka ɗakina in ba muharramina ba. Na san malamai sun ce akwai sauƙi in lalura ta kama. Amma ɗanta ne ya mutu, ban ga ta inda zan fara yi mata fatawa ba. Ɗakin ƙurya na zaɓa, don bazara ta riga ta kama, kwanon rufi yana ƙara da rana. A nan nake wuni, a nan nake kwana, jikina kusa da bango. Da la’asar nakan miƙa hannu in kashe fankar na ɗan lokaci. Ban gaya wa kowa dalili ba. Dada tana gani, ba ta taɓa tambaya ba.

Dokar da ta kawo jan fentin ba ta banza ba ce, wannan na yarda. Daminar da ta wuce amai da gudawa sun shiga gari, jikar Madam ma sai da aka kwantar da ita a asibiti. Bayan haka hukuma ta ce duk salga ko ramin ƙazanta da ke kusa da rijiya a cike shi, kuma duk mai haƙa ƙasa da zurfi ya sanar. Mutanen da suka sayi gidan bayanmu sun haƙa rijiya dab da katanga. Duk wanda ya bi ta lungun ya ɗaga kai zai hango bututunmu: farar roba, a tsaye, da hular raga. Haka bututun iskar salga yake a kowane gida a unguwar. Marigayi da hannunsa ya kafa wa mutane irinsa da yawa. Ko ni aka ba goga da fenti, da na shafa.

Na ce wa Dada ina so in je ofishinsu in yi bayani. Ta ajiye carbinta ta dube ni.

“Ƙafarki ba zai taka waje ba.”

“Dada, za su tone aikinsa.”

“Akwai maza a gidanmu.”

Ta aika aka kira yayan marigayi, wanda muke ce wa Hamma, ɗan kasuwa ne a Jimeta. Ya je ofishin, ya dawo da gumi, ya tsaya a tsakar gida yana ba Dada labari yadda zan ji. Ya ce ya gaya musu ba salga ba ce, na sanyaya ɗaki ne. Suka tambaye shi ina injin, ya ce babu. Suka ce to me ke sanyayawa, ya ce ƙasa. Wani a cikinsu ya ce in haka ne su ma gobe za su kwana a rami. Shugabansu dai bai yi dariya ba. Ya ce zai zo da kansa, amma sai ya tabbatar inda bututun ya ƙare. In bai tabbatar ba, dole a tone.

“A ɗakinta ya ƙare,” in ji Dada. “Ba zai shiga ba.”

Hamma ya sassauta murya. “Dada, a bar su su cike kawai. Ni zan kawo mata babbar fanka mai caji. Mai abin ma ya tafi.”

Bai faɗa da mugunta ba. Mutum ne da ba ya son shiga tsakanin hukuma da uwarsa. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, tuwon ranar ban iya ci ba. Na riƙa tunanin diga tana sauka a kan robar da ya haɗa da hannunsa, a tura ƙasa a ciki, bangon nan ya yi shiru. Kuma ina zaune a ɗaki ba abin da zan iya.

Sun zo da rana tsaka, lokacin da ko kaji sun buɗe baki. Na ji tsayuwar mota, na ji Hamma yana buɗe ƙofar baya. Ni da Dada muna ɗaki. Na kashe fanka, sai muryoyinsu suka fara fitowa ta bango, tare da ƙarar shebur da aka jefar a ƙasa.

“Oga, ba wari fa,” in ji wani.

“Kananzir suke zubawa in sun ji za mu zo,” in ji wani. “Mun saba gani.”

Sai wata murya mai nauyi, ta babban mutum, na gane shugaban ne. “Alhaji, ka ce ɗaki yake zuwa. Ka kai ni in gani, mu tafi. Rana tana dukanmu.”

“Ranka ya daɗe, mai takaba ce a ciki. Tsohuwa ta hana.”

“Allah ya jiƙan mamaci. Amma ni ma aiki aka ba ni. Yaran gidan can daga rijiyar nan suke sha.”

Na ji takun silifas da sauri, na san Madam ce. Ta ce ita mace ce, ta sha shiga ɗakin, ta ga bakin bututun da idonta, za ta iya rantsuwa. Ya ce ya gode, amma maƙwabciya ba ma’aikaciyarsa ba ce. Mace ɗaya ce a ofishinsu, tana hutun haihuwa. Ya ce wa mutanensa su fara daga gindin bishiya.

Na kama hannun Dada ban sani ba. Hannunta a bushe, da sanyi.

“Oga, tsaya!” in ji Madam. “Ka yi sallama a ciki.”

“In yi me?”

“Sallama. Haka mai gidan yake yi kullum in ya dawo. Ta katanga nake hango shi. Da farko na ɗauka kansa ya taɓu, har na gaya wa mijina.”

“Madam, ni da girmana in sunkuya in yi wa salga sallama? A gaban waɗannan? Gobe ina zan sa fuskata a ofis?”

“In salga ce ai ba za ta amsa ba. Ka ga ka huta, sai ku tone.”

Ma’aikatan suka fashe da dariya. Wani ya ce, “Oga, ka toshe hanci dai.” Na ji ya tsawata musu. Sai na ji numfashi a jikin ragar.

“Salamu alaikum.”

Muryar ta fito ta bango a dusashe, kamar daga cikin tulu. Ba muryarsa ba ce, ko kama ba su yi ba. Amma bututun yakan mayar da muryar kowa iri ɗaya, ban san haka ba sai ranar. Na ƙura wa bangon ido.

“Kun ji ko?” in ji shi daga can. “Shiru.”

“Ƙara,” in ji Madam. “Sallama sau uku ake yi. Ni da ba Musulma ba na sani.”

“Salamu alaikum, masu gida.”

Na dubi Dada. Ita ce ta ce kada namiji ya ji muryata. Idonta yana kan bangon. Ita ma ta san wannan sallamar, ta sha jin ta in ta kawo mana ziyara, takan ce ɗan nan nata ba zai girma ba.

Ya yi ta uku, a gajarce, irin ta mutumin da ya gama niyyar tafiya.

Dada ta saki hannuna ta tura kafaɗata. “Amsa masa. Amsa sallama wajibi ne. Ke ba ki fita ba, shi bai shigo ba.”

Na durƙusa na kai bakina kusa da bango. “Wa alaikumus salam wa rahmatullah.”

Na ji wani ya ce “Kai!” da ƙarfi, shebur ya faɗi, Madam tana tafa hannu tana cewa, “To, Oga, salgarka ta iya gaisuwa!” Shi bai yi dariya ba. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka.

“Hajiya, ya haƙuri?”

“Haƙuri sai godiya.”

“Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Ki yafe mana, da rana haka muka tayar miki da hankali. In tsohuwa ta yarda, zan yi miki ’yan tambayoyi ta nan.”

Dada ta ɗaga kai alamar to.

Haka muka yi, shi a sunkuye a gindin darbejiya, ni a durƙushe a ɗaki. Ya tambaya ko akwai ruwan wanka ko na wanke-wanke da ke shiga bututun. Na ce babu, iska ce kaɗai. Ya tambayi ta inda ya bi, na kwatanta masa yadda na tuna, daga bishiya ya nufi madafa ya karkato, yana nisantar katangar baya. Ya tambaya ko ruwa yana taruwa a ciki da damina. Na so in ce a’a. Amma na ce e, yakan taru kaɗan, ɗakin ya yi warin danshi, marigayi yakan buɗe wani murfi kusa da madafa ya zuƙe shi.

“To bana wa zai zuƙe?”

Sai na ji Hamma ya ce, “Ni. A nuna mini murfin.”

Shugaban ya ce a dokar da aka ba su an ambaci salga, an ambaci rijiya da burtsatse, amma ba a ambaci irin wannan ba, bai taɓa cin karo da shi ba. Ba zai cike abin da ba ƙazanta a ciki ba. Amma ba zai tafi haka kawai ba. Ragar ta tsufa ta yage a gefe, a sauya ta, don in ruwa ya kwanta gidan sauro ne. Da damina a rufe bakin in ana ruwa. A shafa wa bututun wani launi dabam, a rubuta abin da yake, don kada wasu su zo bayansa su sake kuskure. Zai sa shi cikin abubuwan da ke binne a unguwar, kuma zai dawo bayan damina ya duba. In ya tarar da ruwa a kwance, to ranar ba sallamar da za ta hana shi.

“Na yarda,” na ce.

“Hajiya, tambaya ta ƙarshe, wannan ba ta aiki ba ce. Da gaske yana sanyi?”

Dada ce ta sunkuyo ta amsa. “In ya gama takaba ka zo ka ji. Yanzu ka tafi, ka bar yarinya ya huta.”

Na ji suna kwashe shebur, motar ta tashi. Na kunna fanka. Iskar ta fito kamar kullum, ta taɓa fuskata inda take jiƙe. Na jingina da bango, ƙirjina ya saki a karon farko tun ranar da aka fita da shi. Dada ta ja tabarmarta ta matso kusa da bakin bututun, ta ce in ɗan gusa, ba ni kaɗai ke jin zafi ba. Da Madam ta shigo tana haki, sai da ta maimaita mana yadda Oga ya naɗe babbar rigarsa ya sunkuya, har Dada ta rufe baki da mayafi. Ranar na ci tuwo.

Da na fita takaba, gindin darbejiya na fara zuwa. Hamma ya riga ya sa an goge jan fentin katanga. Bututun ya koma shuɗi, da sabuwar raga, an rubuta a jikinsa da farin fenti, haruffan sun karkace suna gangarowa: NA SANYAYA ƊAKI NE. Wajen da babur yake tsayawa ciyawa ta fara fitowa, don an yi ruwan farko.

Na daɗe a tsaye. Na duba ba kowa a lungu. Sai na sunkuya na sa baki a ragar na yi sallama, a hankali, ban sa ran komai ba.

“Wa alaikumus salam,” in ji Dada daga ciki. “Ke ma kin fara? Shigo, shayinki yana hucewa.”

Shugaban ya dawo bayan damina kamar yadda ya ce. Ya buɗe murfin ya tarar da shi a bushe. Wannan karon ta ƙofa ya yi sallama, ya shiga ɗakin ya tsuguna ya miƙa hannu a bakin bango, ya jima a haka kafin ya tashi. Dada ba ta koma Wuro Hausa ba, ta ce sai zafi ya wuce, kuma zafin Yola bai cika wucewa ba. Har yanzu wata la’asar nakan miƙa hannu wajen fankar. Yawanci nakan bar ta tana juyawa.